Ranar da Muka Raba Hassana da Usaina

Jiya ina zaune a kan benci a bakin sito na ji ɗaya daga cikinku, ku sababbin ma'aikata, yana cewa gyaran famfon tuƙa-tuƙa ai ba sana'a ba ce, noti huɗu ne ka kwance, ka sauya roba, ka ɗaure. Na yi dariya har goro ya sarƙe ni. Shi ya sa na ce bari in rubuta muku wannan, tunda idan na tsaya yi muku bayani da baki wayoyinku kuke kallo. Sunana Lawal, amma daga Kankia har Kusada idan ba ka ce Lawai Famfo ba, babu mai nuna maka gidana. A sashen ayyuka na ƙaramar hukuma na ƙare ƙarfina, na yi ritaya, ƙafata ce kawai ta ƙi yarda. Kuma na taɓa jefa ruwan shan ƙauye guda a rami da hannuna, saboda haka ina da bakin magana.

Lokacin da muka taso, ruwan ƙasar nan guga ne da igiya. Kowane gari da rijiyarsa ta En'e, hukumar gargajiya ta da, mai bakin siminti, wadda igiya ta ci har yatsa yana shiga cikin zanen. Idan ta ƙafe, sai tafki. Kusada da Mawashi da Boko duk a ƙarƙashin Kankia suke a lokacin, ko allurar shanu kake nema ko lambar keke sai ka tako Kankia. Da aka fara haƙa burtsatse a ƙauyuka ana kafa famfo, sai aka nemi masu gyara, aka ɗauke mu mu biyu, ni da Sale. Sale taubashina ne, ɗan kawuna, don haka tun muna wasan ƙasa yake kirana bawansa, ni kuma ina kiransa Kunnen Faifai saboda abin da Allah ya hore masa a gefen kai. Aka haɗa mu da Baba Ɗanjuma, tsohon mahaƙin rijiya wanda ya koyi famfo a hannun masu injin haƙa.

Aikin farko da ya kai mu a Boko ne. Mun zo da gemunmu, kowa da matarsa a gida, muna jin yau za mu riƙe sifana mutane su gani. Baba ya zaunar da mu a ƙasa, ya sa wata mata ta tuƙa famfon, ya ce mu rufe ido mu gaya masa abin da muka ji. Sale ya ce ya ji ƙarar famfo. Baba ya kaɓe masa hula. Ni na ga abin da ya samu Sale, sai na yi wayo na ce na ji kukan ƙarfe, tawa hular ma ta bi tasa. Daga nan ya koya mana cewa famfo yana faɗin ciwonsa tun kafin a buɗe shi. Idan hannu ya yi sakayau yana faɗuwa da kansa, sarƙa ce ta tsinke ko rodi ya kwance. Idan yana ƙugi yana karkacewa gefe, boris ne ya ci. Idan kuwa da safe sai an tuƙa an tuƙa kafin ruwa ya hau, bawul ɗin can ƙasa ne yake zubarwa, kuma wannan shi ne aikin da ke raba makaniki da mai riƙe sifana. Wata shida muka yi muna ɗaukar bututu a kafaɗa muna sauraro kafin ya bar mu mu taɓa noti.

Ku da kuke ganin kan famfo kawai, ku sani abin da ke waje hula ce. Jikin yana cikin rami: bututun ƙarfe goma ko fiye, kowane ya ninka tsawon mutum kusan biyu, an ɗaura su baki da baki, rodi na tafiya a cikinsu, silinda na rataye a can ƙarshe cikin ruwa. Robar da kuke rainawa a cikin silindar take, ba za ka gan ta ba sai ka zaro duk wannan jerin, ɗaya bayan ɗaya, ga nauyi ga santsin tsatsa. Ana ɗagowa, a cije bututun da matsi a bakin rijiya don kada ya koma, sannan a kawo manyan sifanonin bututu guda biyu. Ɗaya ta riƙe na ƙasa, ɗaya ta murɗe na sama. Na Baba Ɗanjuma jajaye ne, kowace ta kai tsawon hannu, bakinsu da haƙora. Ya raɗa musu suna Hassana da Usaina, yana shafa musu giris da yatsansa, ba ya yarda a ajiye ɗaya a rana ɗaya a inuwa. Akwai kuma ƙugiya da wani maƙeri ya ƙera masa, mai baki kamar mazurari, ta ciro bututu idan ya faɗa. Ita wannan yakan ce Allah ya sa ta tsufa a akwati ba mu bukace ta ba.

Masu famfo kuwa, kowane gari da halinsa. Akwai inda za ka buɗe kai ka tarar yara sun ɗura tsakuwa da ƙwallon goruba. Akwai inda mutum uku ke rataya a hannu lokaci guda don ruwa ya yi sauri. Wani bafulatani a kusa da Kafin Soli ya taɓa rantse mini cewa famfonsu ba ya son shanunsa, idan matan gari suka tuƙa yana ba da ruwa, shi idan ya zo da asuba sai ya yi shiru. Na ce masa bawul ne, ya ce shi dai ya san ƙiyayya idan ya gan ta. Da muka gyara ya kawo mana ƙwaryar nono, ya ce mun yi musu sulhu. Abin da ban taɓa rasawa a wurin aiki ba shi ne masu ba da shawara. Da zarar ka ɗaga bututu na farko, duk tsohon da ke garin ya zama injiniya.

Sai aka ba Kusada tata ƙaramar hukuma. Ranar da labari ya iso an yi kiɗa an yi guɗa, ni kuma na fi kowa rawar kai, domin an ce kowane ma'aikaci zai bi ƙasar ubansa. Ubana ɗan Mawashi ne, wadda ta faɗa ɓangaren Kusada, uban Sale ɗan Kankia. Ke nan ni ne babban makanikin famfo na Kusada baki ɗaya, babu kowa a kaina, babu mai kirana bawa a gaban jama'a. A daidai lokacin Baba Ɗanjuma ya yi ritaya ya koma gona, ya bar mana akwatin kayan aiki mu biyu, don nasa ne na kansa. Muka zauna a gindin bishiyar bedi a bayan sito, muka zazzage akwatin, muka kasa kayan kamar naman watanda. Sale ya ɗauki matsi, na ɗauki ƙananan sifanoni. Ya ɗauki ƙugiya, ni kuma na yi wuf na rungume akwatin kansa, saboda yana da fenti kore da kwaɗo, kuma ana iya zama a kai. Ina ta murna na cuce shi.

Ya rage Hassana da Usaina a ƙasa. Ku ji fa, mu biyun nan mun shekara da shekaru muna wannan aiki, mun san ɗaya ba ta kwance bututu. Babu wanda ya ruɗe mu. Amma Sale ya ce bawa ba ya cin gado, su biyun nasa ne. Na ce Kusada ba ta zo duniya don ta yi aro ba. Muka ja, muka ja, har masinjoji suka taru suna dariya, ƙarshe ya saɓa Usaina a kafaɗa, na saɓa Hassana, kowa ya juya yana taƙama. Da labari ya kai wa Baba a gona, an ce ya ajiye fartanya ya zauna, ya tambaya ko a cikinmu akwai wanda ya faɗi a kan kansa yana yaro.

Bazarar da ta biyo baya ita ce muguwar shekarata. Damina ta ɗauke da wuri, rijiyoyi suka ƙafe, mutane da dabbobi duk suka dawo kan famfo, ana tuƙa shi tun asuba har magariba. Sabon ofishinmu kuwa yana cikin ɗakunan aro, ana ta jere, an rubuta sababbin kayan aiki suna hanya. Na yi ta gyaran sarƙa da boris da ƙananan sifanonina, ina yawo a keke da koren akwati a baya, Hassana ɗaure a sama kowa na gani. Ana cikin haka aka aiko daga Unguwar Marke, wani ɗan ƙauye a bakin iyaka, wanda famfonsa ke ƙasar Kusada da taku kaɗan, tafkinsa kuma yana ƙasar Kankia. An ce sai an tuƙa hamsin kafin a cika kofi.

Ranar Talata na isa. Wadda ta tare ni wata tsohuwa ce, Iya Ɗahara, ita ke riƙe da makullin famfon, ita ke tsara layi, ko mai unguwa sai ya jira ta ce ya matso. Na rufe ido na saurara yadda aka koya mini, na san bawul da roba ne, sai an zaro komai. Iya ta dubi kayana ta tambaye ni ina ɗayar jar sifanar, don ta ga lokacin da aka kafa famfon biyu ne, kuma ina mai manyan kunnuwan nan. Na ce mata zamani ya canza, yanzu Kusada da ƙafarta take tafiya. Na zaɓi ƙarti huɗu na gari, na ce su ne matsina, su ne Usainata. Aka naɗa igiya a bututu, suka riƙe da hannu, ina murɗawa da Hassana.

Na farko ya fito. Na biyu ya fito. Na fara waƙa. Har na ce a aika Kankia a gaya wa Sale ya kai Usaina gidan maƙeri a yi masa lauje. A na uku, na kwance bututu, na kwance rodi, na ɗaga kai in karɓi yabo, sai na ga igiya tana zamewa a kan santsin tsatsa, ƙartin nan suna kallon tafin hannunsu. Bututu bakwai da silinda suka tafi. Mun ji su suna gogar bango suna sauka, sannan wani ƙum daga can ƙasa wanda na ji shi a tafin ƙafata. Injiniyoyin garin duk suka ja da baya. Ɗazu ana samun kofi bayan tuƙi hamsin, yanzu ko ɗigo babu, kuma ni na yi.

Iya Ɗahara ba ta zage ni ba, na so a ce ta zaga. Ta tafi, jim kaɗan ta dawo da ƙwarya cike da ruwan tafki, kore shar, har da talibambam biyu suna iyo. Ta ajiye a gindin marke ta rufe da faifai. Sannan ta ɗan ja zanenta ta nuna mini idon sawunta, tabo ne baƙi a lotse, irin wanda kurkunu ke bari. Ku ba ku san kurkunu ba, ku gode wa Allah. Tsutsa ce da ake sha a ruwan tafki, bayan shekara ta huda ƙafa ta fito, ana naɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan, mutum ya kwanta damina guda gonarsa ta zama daji. Tun da aka kafa famfon ba a ƙara ganinta a garin ba.

Ta ce, "Abin da ke cikin randunanmu shina kai mu Juma'a. In Juma'a ta yi babu ruwa, ɗiyanmu tafki za su koma. Amma kai za ka fara sha, ga naka nan na aje maka."

Tsoro ya kama ni ƙwarai, kuma kunya ta fi tsoron. Laraba na wuni ina zura ƙugiyar guga ta gari, na ciro tsumman igiya da ba komai. Da la'asar na hau keke na nufi Kankia, ina maimaita abin da zan ce, ko wanne na gwada sai in ji ba ya haɗiyuwa.

Na tarar da Sale a gindin bedin nan yana kaɗa ƙafa. Ashe shi ma famfo uku ke jiransa, Usaina ita kaɗai ba ta tsinana masa komai ba, amma shi ya fi ni wayo, bai taɓa ko ɗaya ba, yana ta ce wa mutane yana nazari. Ya saurare ni har ƙarshe, ya sa na maimaita wurin waƙar sau biyu. Ya ce zai zo da matsi da ƙugiya da Usaina, da sharaɗi ɗaya: ni zan tuƙa keken, shi yana baya, mu ratsa ta tsakiyar kasuwa ina neman wa ubangidana hanya da babbar murya. Na ce ya ji tsoron Allah. Ya ce yana ji, shi ya sa bai ce in goya shi ba.

Alhamis da safe aka ga abin kallo a Kankia. Babban makanikin Kusada yana haki a kan feda yana cewa a ba ubangidana hanya, Sale a kariyar bayan keken ya harɗe, Usaina a kafaɗa, yana ɗaga wa mahauta hannu. Wani mai shayi ya biyo mu da gudu yana tambaya ko sarauta aka yi masa. Da na rage murya sai ya taɓa ni da sifana a haƙarƙari ya ce mutanen rumfar hatsi ba su ji ba. Har yau akwai tsofaffi a kasuwar nan da idan suka hango ni sai su ce a ba shi hanya.

Da muka isa wasa ya ƙare. Sale ya sa aka aro madubin wata amarya, ya tsaya ya karkato hasken rana cikin ramin, ni na kwanta rubda ciki ina leƙe. Can ƙasa, dab da ruwa, na hango bakin bututun yana ƙyalli, ya jingina da bango. Muka ɗaura ƙugiya a jerin roduna muka zura. Aikin shi ne mazurarin ya hau kan bututun, harsunan ciki su kama ƙarƙashin mahaɗi, kuma duk da hannu ake ji, ido ba ya taimako. Idan ka kama shi rabi ya suɓuce a hanya, zai iya cushewa ko ya fasa bangon, rijiya ta mutu ke nan har abada. Mun wuni muna taɓa shi yana kaucewa. Duk lokacin da na ɗaga kai sai in ga ƙwaryar nan a gindin marke, Iya na zaune kusa da ita tana kaɗi, lokaci-lokaci ta ɗaga faifai ta duba lafiyar talibambam.

Juma'a da hantsi Sale yana juya rodi a hankali, kunnen nan nasa manne da ƙarfe, sai ya tsaya cak. Ya ce, "Lawai, taɓa ka ji." Rabon da ya kira ni da sunana tun ranar aurena. Na taɓa, na ji nauyi ya zauna daram. Muka ja, ƙartin nan huɗu suna tayawa. Da bakin bututun ya leƙo, na cije shi da matsi gam. Sale ya sa Usaina a ƙasa, na sa Hassana a sama, ya riƙe na murɗe, bakwai ɗin nan suka fito ɗaya bayan ɗaya. Silinda ta ɗan lotsa a gindi amma ba ta fashe ba. Sauya robar da bawul ɗin, abin da kuke kira aikin, bai ɗauke mu shan kofin shayi ba.

Kafin a kira sallar Juma'a muka mayar da komai. Iya ta ce ita za ta tuƙa. Ruwa ya zo ja, ya koma ruwan kunu, sannan ya washe. Mata suka yi guɗa, ni kuwa na kama rawa ni kaɗai babu kiɗa, da giris har goshi, ina jin daɗin da ban ji ba ko ranar da aka ba mu ƙaramar hukuma. Iya ta ɗauki ƙwaryata ta kai talibambam ɗinta tafki, ta dawo ta ɗauraye ta, ta tara sabon ruwa ta ba mu muka sha. Muna cikin sha ta sunkuya ta kwashe Hassana da Usaina, ta naɗe su a zane ɗaya ta rungume.

Sale ya ce, "Iya, kayan aikinmu ne fa."

Ta ce, "Ku an raba ku, ku ta shafa. Waɗanga tagwaye ne, a ɗakina za su zauna, tsakanin Kankia da Kusada. Mai so ya zo ya ɗauka, amma ba ni ba mutum guda. Ku zo ku biyu."

Haka kuwa aka yi. Sababbin kayan aiki sun iso daga baya, kowane ofis ya samu nasa, amma mu hannunmu ya saba da jajayen nan. Duk babban aiki, nasa ko nawa, sai mu haɗu a Unguwar Marke mu yi sallama a ƙofar Iya, ta leƙo ta ƙirga mu, sannan ta miƙo zanen. Famfunan Kankia uku da ke jiransa tare muka gyara su a satin. Da Iya ta rasu surukarta ta gaji makullin, ta gaji zanen, ta gaji dokar. Sale bai daina kirana bawa ba, ni ma ban bar kunnensa ya huta ba.

Bara waccan Allah ya yi wa Sale rasuwa. Bayan an yi arba'in famfon Unguwar Marke ya fara zubarwa, suka ce ni suke so ko da na yi ritaya. Na je na yi sallama a ƙofar nan. Surukar Iya ta leƙo da zanen a hannu, ta dube ni, ta dubi bayana yadda ta saba, ta ce, "Kai da wa?" Kafin ta tuna ta rufe bakinta, ni har na juya in ce Kunnen Faifai ya matso a gan shi.

Ta miƙo mini zanen tana ba ni haƙuri, na ce ta mayar, doka doka ce. Na koma gari na nemo mutum na biyu, muka zo ta ƙirga mu. Shi na ba Hassana ya murɗa, ni na riƙe Usaina.